Tudu ko Fangali? Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Kafa Lambu a Cikin Gida

Wanda duk ya ratsa Damba, a bakin garin Gusau, zai ga sababbin gidajen bulo suna ta tashi a wuraren da a da gonaki ne. Da yawansu akwai ragowar fili a ciki, ko bayan ɗaki ko gefen katanga, inda kuɗin gini bai kai ba tukuna. A shekarun nan da zuwa gona mai nisa ya zama kasada a ƙasar Tsafe da Bungudu da ƙauyukan Gusau saboda 'yan bindiga, kayan miya kuma suka yi tashin gwauron zabi, wannan ɗan fili ya fara daraja a idon masu shi. Ga kuma waya a hannu. Mutum ya buɗe Facebook ya ga akwatunan katako a jere, cike da baƙar ƙasa, latas kore shar a kansu, sai ya ce shi ma irin wannan zai yi, ya aika a kira masa kafinta.

Kafin kafinta ya iso, ya kamata a san dalilin da ya sa masu waɗancan hotunan suke ɗaga ƙasarsu sama. A Ingila da Kanada da arewacin Amurka ƙasa daskarewa take yi da sanyi, idan ta narke kuma sai ta daɗe a jiƙe tana sanyi, iri ba ya tsira a cikinta. Suna ɗaga ta ne don ta yi saurin ɗaukar zafin rana, ta kuma yi saurin tsanewa. Mu a nan kusan wata takwas na shekara akasin haka muke nema: ƙasa ta yi sanyi, ta riƙe ruwa. Ruwan da ke sauka a Gusau a shekara bai wuce wajen milimita 900 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, mafi yawa a Agusta. Daga Oktoba zuwa Mayu sai abin da ka ɗebo da hannunka. A Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40. Akwatin da ke taimakon manomin Kanada, idan aka ajiye shi a tsakar gida a Damba cikin bazara, rana za ta dafa shi ta sama da ta kowane gefe.

Don haka ana fara shawara ne daga ruwa, kafin a zo kan katako ko bulo. Yaushe kake son shuka, kuma me ruwa yake yi a filinka?

Manomanmu sun daɗe da raba wannan gardama, sai dai ba a cika ɗaukar hotonsu ba. Da damina kunya ake yi, a tara ƙasa ta yi tudu, shuka ta hau sama, ruwa ya bi kwari ya wuce. Da rani kuwa, je ka fadamun Gulbin Sakkwato ko filayen noman rani na Bakolori ka gani: fangali ake yankawa, wato fili mai kwari da aka kewaye da ɗan tudun ƙasa, a sako ruwa ya kwanta a ciki ya nutse a gindin albasa da tumatir. Manomi ɗaya, gona ɗaya, amma da damina ƙasa sama, da rani ƙasa ƙasa. Can arewa da mu, inda ruwa ya fi ƙaranci, har da damina ma rami suke yi. A yankin Tawa ta Nijar da Yatenga ta Burkina Faso manoma kan haƙa ƙananan ramuka a fako, su zuba taki, su shuka a ciki don ruwan sama ya taru a gindin hatsi. Marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso da wannan dabarar ya yi suna a duniya, har ya sami babbar lambar yabo a 2018.

Sanin halin filinka ba ya bukatar kuɗi. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya shanye, ka sake cikawa. Idan cikin 'yan sa'o'i ya tsotse, ƙasarka jigawa ce ko mai kama da ita, ba ta da matsalar kwanciyar ruwa, matsalarta riƙe shi. Idan ka wayi gari ka tarar da ruwan yana nan, laka ce ko kuma akwai marmara a ƙasa, kuma da marka saiwar tumatir da attarugu ruɓewa za ta yi idan ba a ɗaga su ba. Gwaji na biyu ya fi wannan sauƙi: ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, fito tsakar gida ka duba inda ruwan kwano yake zuba, inda yake bi, da inda yake kwanciya. A sababbin unguwanni akwai kuma matsala ta uku. Filin da aka gama gini a kai sau da yawa ba ƙasar noma ba ce ko kaɗan, ciko ne na jar marmara da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti, mota ta danne shi ya zama kamar daɓe. Irin wannan wuri, da kuma gidan da aka shafe tsakarsa da siminti, su ne inda ɗaga ƙasa ya zama dole ko da rani ko da damina, don babu abin da za a haƙa.

Mafi arha cikin duk nau'o'in shi ne tudun ƙasa zalla, ba a kewaye shi da komai ba. Ka kafta wurin, ka gauraya da taki, ka jawo ƙasar hanya ka ɗora, ya tashi kamar santimita 15 zuwa 20, ka baje samansa. Fartanya kaɗai yake ci. Aibinsa shi ne ruwan Agusta yana zaizaye gefensa, sai an riƙa gyara, kaji kuma suna son tona shi. Amma yana da wata fa'ida da babu wani akwati da ke da ita: idan damina ta ɗauke, sai ka rushe shi, ka mayar da ƙasar gefe ta zama iyaka, tsakiya ta zama fangali. Ga wanda ƙasar gidansa mai kyau ce, ban ga dalilin kashe ko sisi a kan wani abu da ya wuce wannan ba, in ban da shinge.

Katako shi ne wanda ya fi kyau a hoto, shi ne kuma na fi hana mutane. Gara ba ta jin kunyar kowa. Katakon da ke zaune a kan ƙasa mai danshi kullum, abinci aka ajiye mata, kuma daga nan ba ta da nisa da ƙofar ɗaki da rufin gida. Wasu kan shafe shi da baƙin mai na inji don ya daɗe. Wannan man yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba, kuma cikin ƙasar da za ta ba ka ganyen miya zai tsiyaya. Katako mai ƙarfi da gara ke shakka, irin su maɗaci, tsadarsa ta fi ƙarfin lambun alayyafo.

Kwanon rufi da rabin ganga ma sun shigo yayi. Suna da sauƙin samu wajen 'yan gwangwan, ba sa cin wuri. Sai dai a taɓa kwano da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu a ji. Saiwar da ke kusa da bango ƙonewa take yi, ƙasar kuma ta bushe daga gefe zuwa ciki. Bakinsa yana yanka yara, tsatsa kuma tana cin gindinsa. Wanda ya riga ya mallake shi zai iya rage illar ta hanyar naɗe bayansa da zana ko karan dawa, ya lanƙwashe bakin, ya huda ƙasan gangar sosai. Gangar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadari da ba a san shi ba, a bar wa masu ita. Tsohuwar taya ma haka take da ɗaukar zafi saboda baƙinta, kuma lungun cikinta yana tara ruwan da sauro ke haihuwa a ciki. Ta fi dacewa da furanni a ƙofar gida.

Bulo shi ne abin da ya fi dacewa da mu idan har za a kewaye. Gara ba ta cinsa, kaurinsa yana tare zafi, kuma kusan duk gidan da aka gama gini akwai ragowarsa a jibge. Ba sai an sa siminti ba, jerawa kawai ake yi, a cika ramukansa da ƙasa don ya zauna daram, har a tsira albasa mai lawashi a cikinsu. Bulo mai inci 6 tsawonsa santimita 45 ne, tsayinsa kuma wajen 23. Wurin shuka mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 3 zai ci bulo kamar 20 a sahu ɗaya, sahu biyu 40. Idan a kan ƙasa ne, sahu ɗaya ya wadatar, muddin an kafta ƙasan kafin a cika, saiwa ta sami hanyar nutsawa. Idan a kan siminti ne, sai sahu biyu.

Ga yadda ake sa bulon ya yi aikin damina da na rani a lokaci guda, kuma wannan ita ce shawarar da na fi tsayawa a kai. Kada a cika shi har baki, a bar kamar yatsa huɗu. A kuma bar 'yar kafa tsakanin bulo biyu a ɓangaren da ya fi gangare. Da damina kafar tana buɗe, ruwan da ya yi yawa ya fice. Da rani a toshe ta da laka, sai wurin ya koma fangali mai katanga, ruwan da ka zuba ya kwanta a ciki ba ya gudu. Kuskuren da aka fi yi shi ne magini ya ɗauke shi kamar tankin ruwa, ya daɓe ƙasansa da siminti, ya shafe ciki da waje. Ruwan Agusta na mako guda ya isa ya mai da shi kududdufi.

Tubali na yin irin wannan aiki, ya ma fi bulo sanyi, amma damina ɗaya ko biyu yake narkewa sai an sake. Inda dutse yake a banza, kamar gindin duwatsun Kwatarkwashi da Tsafe, jera duwatsu ya fi bulo da tubali arha da daɗewa. A Lesoto, can kudancin Afirka, da dutse suke gina wani zagayayyen lambu mai faɗin kamar mita 2, tsayinsa ya kai ƙugu, da ɗan lungu da mutum zai shiga ya isa tsakiya. A tsakiyar akwai kwando da ake zuba ɓawon kayan miya da ruwan wanke-wanke, suna ruɓewa suna ciyar da ƙasar. An yi shi ne musamman don marasa lafiya da tsofaffi waɗanda sunkuyo ke wahalar da su. Ga dattijo mai ciwon baya ko tsohuwa mai ciwon gwiwa, wannan dalili ne mai ƙarfi na ɗaga lambu sama sosai. Amma a san cewa yana cin ƙasa mai yawa, kuma a zafinmu zai fi na ƙasa shan ruwa.

Ɗan haya kuwa buhu ne nasa. Buhun taki ko na shinkafa, a wanke, a naɗe bakinsa, a huda gindi da gefe, a cika. Tumatir ɗaya ko attarugu ɗaya ko kuɓewa biyu a buhu guda. Ranar da mai gida ya ce a tashi, sai a ɗora lambun a amalanke. A unguwar Kibera ta Nairobi, inda ko wurin shanya babu, da buhuna mutane ke noma ganyen miyarsu, suna huda gefen buhun su dasa har ta nan. Rana tana cinye buhu, da wuya ya wuce shekara bai fara yagewa ba, kuma da bazara sai an ba shi ruwa safe da yamma. Jera su a manne da juna yana sa su yi wa juna inuwa.

Ko wanne aka zaɓa, faɗin kada ya wuce inda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ciki ba. Mita 1 zuwa 1.2 ke nan idan ana zagaya shi, santimita 60 idan ta gefe ɗaya ake isa gare shi. Taka ƙasa yana danne ta, kuma rabin amfanin wannan aiki shi ne ƙasar ta zauna a sake. Zurfi kuma ya danganta da abin da za a shuka. Alayyafo da latas da lalo da albasa santimita 20 ta ishe su. Tumatir, attarugu, tattasai, kuɓewa, yakuwa da karas suna son 30 zuwa 45. Zogale bishiya ce, a ba shi wurinsa daban a ƙasa, don in ya shiga cikin kayan lambu shi zai cinye abincin ya kuma rufe su da inuwa.

Abin da mutane ba sa lissafawa sai sun gama jera bulo shi ne ƙasar cikawa. Wurin nan mai mita 1.2 da mita 3, idan zurfinsa santimita 30 ne, zai ci ƙasa sama da lita 1,000, wato baro goma sha bakwai ko fiye. Gaurayen da ke aiki shi ne kashi biyu na ƙasar saman gona, kashi ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe. Idan ƙasar laka ce a ƙara yashi da ɓuntun shinkafa, idan jigawa ce a ƙara taki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, ɗanyen na awaki da shanu kuma yana zuwa da irin ciyawa. A tara shi a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa wata biyu ko uku, har warinsa ya mutu ya koma baƙi. Bayan an cika a shayar da wurin a bar shi mako guda, zai sauka, sai a ƙara.

A nan akwai maganar da Bazamfare bai kamata a tsaya yi masa dogon bayani a kanta ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje su suka bar ƙurar dalma a ƙasa, yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi jinya, amma sai da aka kankare ƙasar saman gidajen aka kwashe, aka zubo sabuwa, kafin magani ya yi amfani. Dalma ba ta da wari, ba ta ruɓewa, kuma ba a ganinta da ido. Saboda haka idan mai tifa ko mai amalanke ya kawo maka ƙasa, tambaye shi daga ina. Kada ka karɓi ta wurin da ake niƙa ko wanke dutsen ma'adini, ko ta garejin makanikai, ko inda ake fasa tsofaffin batura. Ƙasar bola tana da baƙi mai ruɗi, kuma gaskiya shuka na sonta, amma bolar yau ba ta zamanin kakanni ba ce da toka da shara da kashin dabbobi kaɗai ke cikinta. Yanzu da batir da leda da kwalba da allura. Ganyen da ake ci ɗanye, kamar latas, shi ya fi kwasar ƙurar ƙasa, kuma yaran gida a cikin wannan ƙasar za su yi wasa.

Sai ruwa, wanda shi ne zai nuna ko lambun zai ga bayan Afrilu. Da tsananin zafi kowace murabba'in mita ta kayan lambu tana iya shan lita 6 zuwa 8 a yini. Wurinmu na misali murabba'in mita 3.6 ne, kusan jarka ɗaya mai lita 25 ke nan kullum, kuma iya tsayinsa daga ƙasa iya ƙarin abin da zai sha. Mai rijiya ko burtsatse a gida ba zai ji ba. Mai saye wajen 'yan garuwa kuwa ya zauna ya yi lissafi, don guda uku irin wannan na iya cin kuɗin da ya fi na kayan miyan da za su bayar. Gara ɗaya da ake iya shayarwa. Ruwan alwala, na wanke shinkafa da na wanke kayan miya duk suna shiga, uwargida ta ajiye bokiti ɗaya dominsu. Ruwan omo da na wankin bayi ba sa shiga. Rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko ɓuntu ko busasshiyar ciyawa yana rage ƙafewa ƙwarai, sai dai a ɗan janye shi daga jikin shukar. Akwai kuma tsohuwar dabarar binne tulu. A sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, a binne shi har wuya a tsakiya, a cika da ruwa, a rufe bakin don sauro. Ruwan yana tsattsafowa ta jikinsa a hankali, saiwoyi su zo su kewaye shi, kusan babu abin da rana ke sha.

Wurin da za a kafa shi ma yana iya ɓata komai. Kayan lambu suna son rana kamar sa'a shida, kuma ta safe ta fi, don haka gefen da katanga ke tare ranar yamma ya fi daraja da bazara. Kada a jingina ƙasa mai danshi da bangon ɗaki, na ƙasa ne ko na bulo, a bar tazarar da mutum zai wuce, in ba haka ba danshi zai ci gindin ginin. A nisanci bakin shadda. A nisanci gindin darbejiya da mangwaro, don saiwarsu tana jin inda ake zuba ruwa, cikin 'yan watanni za ta hauro ta cika wurin ta ƙasa. Tsayin bulo kuma ba ya hana akuya komai, sahu biyu ma tebur aka yi mata. Darni na kara ko ragar waya sai an yi, tsohon gidan sauro kuma yana tare kaji da ƙadangaru daga sabon tsiro.

Ƙasar da aka killace tana gajiya da wuri fiye da ta gona, don ƙarama ce kuma ba ta hutawa. Duk bayan girbi a ƙara taki kamar kaurin yatsa biyu. Idan ka ga tumatir ko kuɓewa suna yaushi da rana alhali ƙasa a jiƙe take, tumɓuke ɗaya ka duba saiwar. In ka ga ƙulle-ƙulle a jikinta, wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani, kuma sun fi son ƙasa mai yashi. Kada a maimaita tumatir ko kuɓewa a wurin, a sa albasa ko masara zagaye ɗaya ko biyu, a ƙone saiwar da aka cire.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Ƙasa tana da sauran laushi, an riga an ga inda ruwa ya kwanta a gidan, kuma sanyin hunturu da ke tafe shi ne lokacin da tumatir da latas da kabeji da karas da albasa suka fi yin kyau a ƙasar nan. Takin da za a zuba a lokacin, tun watan Yuli ake fara tara shi.